Zanen Ɗaki Mai Yoyo

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Yuni, gari ya waye da yayyafi mai laushi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya yi nisa da gida. Auta ya fito daga ɗaki yana ɗaura agogo, ya tarar da matarsa inda ya saba tarar da ita kowace safiya: a lungun falo, tsakanin firij da taga, zaune a kan kujerar roba. Ta ɗora tsohuwar rigarsa a kan fararen kayanta na aiki don kada fenti ya taɓa su.

Tun bayan sallar asuba take nan. Awa ɗaya da rabi gare ta kullum, babu ƙari. Ƙarfe bakwai da kwata za ta wanke burushi, ta cire rigar, ta kama hanyar asibiti, inda take ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji har biyar na yamma.

"Gwanata, bakwai fa ta kusa."

"Na sani, Manaja. Matsa, ka tare min haske."

Manaja take ce masa tun wata huɗu da suka wuce, lokacin da ya dame ta da naci har ta yarda suka buɗe shafi a intanet don sayar da zanenta. Shi malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, bai iya zana ko ƙwai ba. Amma shi ke ɗaukar hoton kowane zane a bakin taga, shi ke yin fostin, shi ke amsa saƙon kastomomi, ya naɗe zanen da kwali da salatif, ya ruga wajen masu aika kaya a lokacin hutun tara. Kuma da bakinta yake rubutu. "Na zana wannan butar shayin da safe," haka zai rubuta, ita kuwa ta karanta da yamma tana dariya, ta ce ya fi ta iya zama ita. Ranar da aka yi musu odar farko, sai da ya taka rawa a ofishin malamai har shugaban makaranta ya leƙo.

Ta ajiye burushi, ta jawo wani allo daga bayan firij, rufe da tsohon zani.

"Rufe idonka."

"Gwanata, zan makara—"

"Rufe mana!"

Da ya buɗe, sai ya nemi inda zai zauna ya rasa.

Ɗakinsu ne. Ɗaki ɗaya tal da Mama ta raine su su biyar a ciki bayan rasuwar mahaifinsu, wanda aka rushe tun yana aji uku, lokacin faɗaɗa titi. Babu wanda ke da hotonsa a duniya. Ga keken ɗinkin Mama a gindin taga. Ga labule mai faci. Ga tsagar bango da take kama da reshe. A ƙasa kuma kwanuka biyar an jera suna tarar ruwan rufi: shuɗin bokiti, roba, tukunya marar hannu, kwanon sha, da gwangwanin madara. Hasken da ke shigowa ta taga ya sauka a kan ruwan, kowane kwano yana ƙyalli kamar an kunna masa fitila.

Sai a lokacin ya gane tambayoyin da ta yi ta yi masa wata da watanni, kamar hira. Tagar tana dama ko hagu? Labulen ya taɓa ƙasa? Ta ina rana take shigowa? Ashe aiki take.

"Ba ki taɓa ganinsa ba fa," ya ce.

"Ka nuna min da bakinka." Ta gyara masa wuyan riga. "Amma ka ji, Manaja, wannan ba na shafi ba ne. Naka ne, kai kaɗai."

"Na ji."

Ya ji ɗin. Sai dai kafin ya fita ya ɗauki hotonsa da waya, don ya riƙa kallo. A ofishin malamai ya kalla sau shida. A na bakwai zuciyarsa ta cika fal, ya ji ba daidai ba ne a ce shi kaɗai ya san abin da matar nan ta iya. Ya buɗe shafin, ya rubuta kamar yadda ya saba: "Ɗakin da aka raini mijina. Kwano biyar suke tarawa in an yi ruwa. Ban taɓa ganinsa ba, labari kawai ya ba ni." Ya danna, ya shiga aji.

Kafin a tashi, wayarsa ta yi zafi. Saƙo a kan saƙo. "Don Allah za ki iya zana min ɗakin kakata?" "Gidanmu ma an rushe shi, nawa kike yi?" Wata ta rubuta cewa tana ofis tana kuka. Auta ya dawo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, yana ta shirya yadda zai ba ta albishir, don ya san ba a taɓa waya a ɗakin hoto.

Biyar da rabi wayar ta yi ƙara. Yaya ce.

Yaya ita ce babbarsu, ta girme shi da shekara goma sha huɗu. Tana wani gari mai nisa, tana da manyan shagunan yadi, tana aure a gidan da ake ji da su. Ita ta biya masa kuɗin makaranta har jami'a, ita ta gina wa Mama gidan da take ciki yanzu. Har gobe in ya ga kiranta sai ya miƙe tsaye.

"Auta! Wace irin mata ka ajiye a gidanka?"

"Yaya, ina wuni—"

"Riƙe gaisuwarka! A guruf ɗin matan dangin mijina aka turo min sikirinshot. Wai, 'Anti, wannan ba gidanku ba ne? Ashe daga nesa kuka taso!' Har da ɗan hoton nan mai hawaye. Shekara ashirin ina rufa mana asiri, rana ɗaya matarka ta baje mu a kasuwa don ta sayar da fenti! Har da gwangwanin madara, Auta? Don ita an haife ta a gidan sama?"

Ya buɗe baki. Kalma uku kawai ake buƙata: ni na sa. Ya ji su a kan harshensa. Amma muryar nan ita ce wadda ta riƙa duba masa sakamakon jarrabawa tun yana ƙarami, kuma a gabanta bai taɓa wuce shekara tara ba.

"Ki yi haƙuri, Yaya," ya ce. "Zan yi mata magana."

Da ya juyo, matarsa na tsaye a bakin ƙofa, jakarta a kafaɗa, lemarta na ɗiga a kan tayil. Ta duba wayarta a mota, ta ga komai. Ta kuma ji abin da ya ce.

Ba ta yi ihu ba. Ta jingine lemar, ta cire takalmi, ta jera su.

"To, Malam," ta ce. "Ga ni. Yi min maganar."

Ranar Asabar Yaya ta iso, aka taru a falon Mama. Mama na kan doguwar kujera da carbinta. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin abin da ke cikin waya, don haka ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata: surukarta ta sa talaucinsu a duniya. Yaya na gefenta, ƙamshin turarenta ya cika ɗakin. Matar Auta ta zauna a ƙasa a kan kafet, ta sunkuyar da kai.

"Ke mai fenti," in ji Yaya, "albashin asibitin ne bai ishe ki ba? In kuɗin sabulu kike nema ai sai ki faɗa, a ba ki. Me muka yi miki? Ko kin ga mun taɓa zuwa mun leƙa ƙarƙashin gadon uwarki?"

"A'a, Yaya."

"To me ya kai ki?"

Auta ya ƙura wa kafet ido. Yanzu za ta faɗa, ya ce a ransa, kuma tana da gaskiya.

"Zanen nawa ne, Yaya," ta ce a hankali. "Shafin ma nawa ne. Abin da ya ɓata muku rai daga wurina ya fito. Ina roƙo a yi haƙuri."

Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki. Ya lura da haka, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Haƙuri ɗaya ne," Yaya ta ce. "Ki yi dilit ɗin shafin nan yanzu, a gabana. Sana'ar fentin nan kuma ta ƙare. Matar aure mai aikin yi, me za ta yi da tallar kanta ga duk wanda ya ga dama?"

Mama ta ɗago. "Ki bi abin da yayarku ta ce, 'yata, a zauna lafiya."

"To, Mama."

Ta ciro wayarta. Saƙonni sittin da wani abu suna jiran amsa. Ta rufe shafin, ta miƙa wa Yaya ta gani. Hawaye guda biyu suka sauka a kan gilashin wayar, ta goge da gefen mayafi, ta tashi ta shiga kicin ta taya mai aiki zuba abinci.

A gida ya tare ta a lungun firij, tana zuba burusanta a kwali.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ni ce zan faɗa?"

Ta ci gaba da zuba burusan, ba ta dube shi ba.

"Malam, ni suruka ce. In aka yi fushi da ni, fushin baƙo ne, zai wuce ko ya zauna, duk ɗaya. In na buɗe baki na ce ɗan'uwanku ne, na zama wadda ta shiga tsakanin mutum da yayar da ta raine shi. Ba zan yi ba." Ta naɗe rigar fentin, ta ɗora a sama. "Amma kada ka ɗauka ban ji zafi ba. Ba Yaya ce ta ɓata min rai ba. Ita abin da aka nuna mata ta gani."

"Wallahi don ina alfahari da ke na sa—"

"Na sani. Shi ya sa ban ce komai ba a kan sawar. Abin da ka ce wa Yaya a waya shi ne ya yi min zafi." Ta tura kwalin ƙarƙashin gado. "Ruwan wankanka na kan wuta."

Mako uku suka wuce a haka. Ba ta fasa komai ba. Tana gaishe shi, tana zuwa wurin Mama ranar Juma'a da maganin hawan jini, tana tambayarsa yaya ɗalibai. Zane biyu da aka riga aka yi oda kafin rigimar ta aika da kanta, ta haɗa da 'yar takarda cewa ta dakata. Sai dai jikinta bai san an rufe shafi ba. Kullum bayan asuba za ta fito falo, ta zauna a kujerar roba da kofin shayi, ta kalli bango. Wata safiya ya gan ta tana goge farar rigar da ta riga ta goge jiya.

Sau huɗu ya ɗauki waya zai kira Yaya. Sau huɗu ya ajiye.

Ranar wata Laraba ta manta katin shaidarta a kan firij. Ba shi da darasi sai sha ɗaya, ya ce bari ya kai mata. Bai taɓa shiga sashensu ba. Dogon baranda ne mai benci, mutane a jere, wani da hannu a ɗaure, wata da yaro a kafaɗa. A ƙarshensa ga ƙofa mai nauyi da jan ƙwan lantarki a sama. Ƙofar na buɗe kaɗan, ya hango wata tsohuwa ta ƙanƙame ƙarfen gado, ta ce ita fa ba za ta hau ba, injin nan zai shanye mata jini.

Ya ji muryar matarsa.

"Ba komai, Baba, zauna nan tukuna. Ni ma ban shirya ba. Gaya min, ɗakin da kika taso a ciki, ta ina ƙofarsa take kallo?"

"Ɗakin uwata? Gabas mana!"

"To in kin shiga, me za ki fara gani?"

"Gado mai rumfa. Da jeren kwanuka har sama. Ke, uwata 'yar gayu ce!"

"Haba! Ɗan kwanta ki nuna min inda gadon yake. Yawwa. Tagar fa?"

Tsohuwa na ta zuba, ba ta san an gyara mata kafaɗa ba, ba ta san an rufe ƙofa ba. Jan ƙwan ya kama, ya mutu. Ta fito tana dariya, tana sa albarka, tana cewa wannan yarinya a ba ta likita gaba ɗaya.

Auta ya leƙa ta 'yar tagar karɓar takardu. Matarsa na tsaye a bakin tebur, ta juya wata tsohuwar takarda, fensir na gudu a hannunta. Gado mai rumfa. Jeren kwanuka. Ƙofa tana kallon gabas. Bai fi minti ɗaya ba. Ta tsaya ta kalle shi, ta duƙunƙune, ta jefa a kwandon shara, ta ɗaga murya: "Na gaba!"

Ya ba mai shara katin ya miƙa mata. A bakin get ya tsaya ya share fuskarsa da hannun riga, bai damu da masu kallo ba.

Ranar Asabar da hantsi ya jawo allon daga bayan firij.

"Ki raka ni gidan Mama."

Ta kalli allon, ta kalle shi. Ba ta tambaya ba, ta ɗauko mayafi.

Mama na tsakar gida tana shan iska. Bai bari an gama gaisawa ba, ya durƙusa a gabanta.

"Mama, ni na sa hoton nan a intanet. Ba ita ba ce. Ni ta zana wa, ta ce kada in nuna wa kowa, na saɓa. Rubutun ma ni na yi da sunanta. Da Yaya ta kira, tsoro ya hana ni faɗa."

Carbin ya tsaya.

"Kai ka sa?"

"Ni ne."

"Ka zauna a falon nan kana kallo 'yar mutane ta durƙusa tana ba da haƙuri?"

"Na zauna, Mama."

"Mako uku!" Mama ta tafa hannu. "Mako uku tana kawo min magani, ina amsa gaisuwarta da ƙyar! Kai, Auta, ban haife ka don ka ɓuya a bayan mace ba. Tashi daga gabana — a'a, tsaya. Ina abin da ake ta rigima a kansa? Ni fa har yau ban gani ba."

Ya cire zanin, ya riƙe mata allon a cikin haske. Ta sa tabarau, ta matso har hancinta ya kusa taɓa fentin. Ta daɗe. Yatsanta ya bi tsagar bango, ya sauka a kan keken ɗinki.

"Har da ƙyallen da na ɗaure ƙafarsa da shi," ta ce a ƙasa-ƙasa. "Ikon Allah." Sai kuma ta kece da dariya. "'Yata, wa ya ce miki kwano biyar ne?"

"Shi ya ce, Mama."

"Ina ya sani? Bakwai ne! Shi yana kan gado a bayana, ya yi ɗai-ɗai kamar ɗan sarauta. Biyun suna nan." Ta nuna wani lungu da aka bari fili a zanen. Dariyar ta ɗauke. "Nan tabarmar yayarku take. Ita ta zaɓi wurin, don in kwano ya cika ta tashi ta zubar kada ya kai gare ku. Kayan makarantarta ba sa bushewa da damina. Yara suka sa mata suna, wai mai warin danshi. Tana dawowa ba ta gaya min, sai dai in ga idonta. Tana sha biyar ta ajiye karatu ta zauna tana sa min maɓalli, don ƙannenta su ci gaba." Ta juya ga ɗanta. "Kai ƙarar ruwa a kwano ka tuna, tana yi maka daɗi. Ita sanyinsa ta tuna. Ka taɓa tambayarta?"

Bai taɓa ba. Shekara talatin da ɗaya, bai taɓa ba.

"Kira min ita. Ka sa yadda kowa zai ji."

Ya kira. Ya maimaita abin da ya faɗa.

"Kai?" in ji Yaya. "Kai da na — kai, Auta? Ka bar ni na ci mutuncin yarinyar nan a gaban Mama?"

Ƙit, ta kashe. Ya sake kira, bai shiga ba. Ta yi bulokin ɗinsa.

Mama ta miƙa hannu ta kamo na surukarta, ta zaunar da ita a kan kujera kusa da ita, ba a ƙasa ba.

"Ki yafe ni, 'yata. Na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba."

"Mama, don Allah ki daina—" Kukan da ta riƙe mako uku ya ƙwace mata. Mama ta bar ta ta yi mai isarta, tana bubbuga bayanta.

"Ya isa. Ki koma ki buɗe shagonki na cikin waya, ni na ce. Wannan kuma a nan zai kwana, a ɗakina, shi wancan ya yi asararsa. Sannan ina da aiki. Ɗakin tawa uwar nake so. Nawa za ki caje ni?"

"Haba, Mama!"

"A'a, ba na son kyauta, sai a yi min aikin banza. Ɗauko takarda. Ƙofarsa gajera ce, sai ka sunkuya..."

Washegari da la'asar saƙon murya ya shigo wayar matar Auta. Gajere ne, muryar a dushe. "Matar Auta, na zalunce ki, ki yafe min. Ki ci gaba da sana'arki, kina da hannu, ban taɓa cewa ba ki da shi ba. Amma wannan zanen kada ya sake hawa. Shi kuma mijinki kada ya neme ni."

Ta buɗe shafin a wannan makon. Ba duka mutum sittin ɗin suka dawo ba, amma waɗanda suka dawo sun fi ƙarfin awa ɗaya da rabi, sai da ta riƙa ba su layi, wasu har wata uku. Ta kafa doka guda, ta rubuta da kanta a saman shafin: ba za ta sa zanen ɗakin kowa ba sai duk wanda ya kwana a cikinsa ya yarda. Auta ya ci gaba da naɗe kwali da gudu wajen masu aika kaya, amma rubutu ya koma hannunta.

Saura Yaya. Ya roƙi Mama ta sa baki, ta ce ba da bakinta ya ɓata ba. Ya ce wa matarsa ko za ta ara masa wayarta.

"A'a. Ba ni ta rufe wa ƙofa ba, kada ka shiga ta tagata." Ta ɗauko masa takarda da biro daga jakarta. "Gidan waya bai yi bulokin ɗinka ba."

"To ki taya ni tsarawa. Kin fi ni sanin abin da ya dace."

"Wannan kam kai kaɗai." Ta yi murmushi, irin wanda ya yi mako uku bai gani ba, ta ɗora hannu a kafaɗarsa na ɗan lokaci kafin ta koma lungunta.

Kwana biyar ya yi yana rubutawa yana yagawa, shi da yake cika shafi da zance cikin minti biyu. Ta ƙarshe ba ta cika fuska ɗaya ba. Bai kare kansa ba, bai ambaci alfahari da mata ba. Ya ce ya yi laifi biyu, ya faɗe su da sunansu. Sannan ya rubuta abin da bai taɓa furtawa ba tun da ya yi wayo: "Yaya, na gode. Na yi barci a bushe saboda ke, ban sani ba sai yanzu."

Masu ƙuruciya kan ɗauka so shi ne ka yi ta yabon mutum a gaban duniya. Yabo ba shi da wuya, Auta ya yi shi da danna waya sau ɗaya. Abin da ke da wuya shi ne ka kiyaye abin da aka ba ka amana, in kuma ka yi kuskure ka tsaya a kansa da ƙafarka, kada wanda yake ƙaunarka ya ɗauka maka. Matar nan ta yi haƙuri ba don ba ta da baki ba, sai don ta san gaskiyar da mai laifi ya faɗa da kansa ta fi wadda aka ƙwato daga gare shi gyara zumunci. Haƙurin bai tauye ta da komai ba: ta sami sana'arta, ta sami uwa, ta kuma sami miji wanda ya girma.

Ranar Litinin, da aka buga ƙararrawar hutu, Auta ya fita da sauri zuwa gidan waya. Mutum biyu ne kawai a gabansa. Ma'aikaciyar ta ɗora ambulan a kan sikeli, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ta talakawa, ko wadda sai an sa hannu?"

"Wadda sai ta sa hannu da kanta."

Ta manna kan sarki, ta buga hatimi, ta nuna masa akwatin da ke jikin bango. Ya tsaya riƙe da wasiƙar a bakin ramin, ya yi bisimilla, ya sake ta.